Layin Ƙasa

Na baro Nafada da asubar fari,
mu biyu a kujerar gaba, jaka a cinyata,
cikinta takarda mai sa hannun mutum tara
da ƙosan da ya huce tun kafin Bajoga.

Zauren taro a Jekadafari, fanka ɗaya ke juyi.
Mu ashirin da uku, duk masu auna ganin jama'a,
kowa ya zo da tabaransa da ra'ayinsa,
ya goge na farkon da gefen riga,
na biyun ko hurawa bai yi ba.

Ajanda ta huɗu: batun Gidado Manu.
Wai ranar kasuwar Dukku
ya rataye allon gwaji a jikin tsamiya,
ya auna mita shida da igiyar guga,
ya duba mutum arba'in bai karɓi sisi ba.
Ga bashin ƙungiya na shekara biyu a wuyansa.
Kwamiti ya ce a dakatar da shi.

Shugaba Bappayo ya miƙe, muryarsa a sanyaye:
"In mun koma gindin bishiya,
me ya raba mu da mai tallan tabarau a tire?
Na san wata, Inna Dudu, daga Kwami.
Shekara uku tana sauya gilashin tasha
ciwo na cin jijiyar a ɓoye.
Ranar da ta iso ɗakina
fitilata kawai take ji a fuska, kamar ɗumi."
Babu wanda ya yi tari.
Ni ma na san Inna Duduna, sunanta ne daban.

Ma'aji ya karanto lissafi har da kwabo.
Saratu Lakwai ta ce kuɗin shekara
ɗaya ne ga mai shago a Titin Biu
da mai asibitin da ba ya ganin wuta sai ran Laraba.
Aka ce mata ba shi ke kan tebur ba.

Sai na tashi, gwiwata na rawa.
Na ce: allonmu da babban harafi yake farawa,
wanda ko mai yana kan lalubo shi.
Amma ba a sallamar mutum a layin sama,
sai an gangara da shi ƙasa
inda baƙaƙen suka yi ƙanana kamar gero.
Mu na ƙauye mu ne layin nan.
Ku matso, ko ku sauya gilashi.
Inna Dudu ba tsamiya ta makantar da ita ba,
rashin Gidado a gindinta ne.

Na miƙa takardar.
Shugaba ya shafa aljihu, ya shafa ɗayan,
ya nisanta ta iyakar hannunsa, ya runtse.
Tabaran karatunsa na mota, motar na wajen wanki.

Gidado, da tun safe bai ce uffan ba,
ya buɗe akwatinsa mai karyayyen marfi,
ya zaro gilashi ɗaya, ya riƙa masa a ido,
bakinsa ya riga shi:
"Wannan ya fi, ko na ɗazu?"

Dariya ta ɓalle har ma'aji ya ajiye biro.

Sha biyu da goma. Ɗaya ya fita alwala.
Ba a dakatar ba, ba a kuma yafe bashin ba.
An kafa wani kwamitin, wata uku,
an sa sunana ban nema ba.
Zancen Saratu sai taron baɗi.

A tasha na iske mai tire yana ta ciniki,
wani tsoho na gwada baƙin tabarau
yana duba tafin hannunsa.
Na tsaya a bayansa da jakata.
Kwandasta na kiran saura mutum ɗaya.